Daga Samaru Zuwa Bakin Ruwan Yauri: Tarihin Gasar Zane da Darasin Talla

Ana gab da samun 'yancin kan Nijeriya, wani ɗalibi ɗan Ibadan mai suna Michael Taiwo Akinkunmi yana karatun injiniyan lantarki a wata kwaleji a Landan. Wata rana ya buɗe jarida sai ya ci karo da sanarwa cewa ana neman wanda zai zana tutar sabuwar ƙasa. Ya zauna ya yi nasa, kore a gefe biyu, fari a tsakiya, da jar rana mai haskawa a kan farin. Zane sama da dubu biyu aka aika. A 1959 alƙalan gasar suka ɗauki nasa, suka ba shi fam 100, amma sai da suka cire jar ranar. Abin da ya rage shi aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Abu biyu ke cikin wannan labari. Na farko, gasar ɗalibai ba wasan yara ba ce, domin tutar da ke kaɗawa yau a harabar kowace firamare daga Shanga zuwa Ngaski aikin ɗalibi ce. Na biyu, abin da aka cire daga zane yakan kai abin da aka bari muhimmanci. Tutar da ba ta da rana, kowane tela zai iya ɗinka ta, kowane yaro zai iya zana ta, kuma ana gane ta tun daga nesa. Wannan shi ne darasin farko da ake koya wa mai zanen talla, wato ya yi aiki don idon wanda zai gani, ba don burge kansa ba.

A daidai shekarun da Akinkunmi ke Landan, nan gida a Samarun Zariya wasu ɗalibai na fama da tambayar da ta fi wannan zurfi. Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya tana da rassa uku, a Ibadan da Inugu da Zariya. Sashen zane ya fara ne a Ibadan a 1953, aka dawo da shi Zariya a 1955. Karatun shekara huɗu ne. Ɗalibi zai fara da koyon zana abin da ke gabansa, da sanin launi da ma'auni, daga baya ya zaɓi fanni: zanen fenti, ko sassaƙa, ko zanen kasuwanci, wanda shi ne na talla da bangon littafi da fasta. Mafi yawan malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta makarantun zane na Landan ce. Cikin 'yan ƙasa ƙalilan da suka koyar a wurin tun farko akwai Clara Etso Ugbodaga-Ngu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda darasin talla yake kafin zuwan kwamfuta. Harafi da hannu ake zana shi, da ma'auni da alƙalami da tawada. Idan babban take ya karkace, sai a sake daga farko. Hoton da za a buga da yawa, sai a sassaƙa shi a kan katako ko wata irin roba, a shafa tawada a danna a takarda, kuma dole a sassaƙa shi a juye domin ya fito daidai. Kowane launi bugunsa daban, saboda haka fasta mai launi uku sau uku take shiga inji, kuɗinta ma ya ninka. Tsada ita ta koya wa ɗaliban wancan zamani tsimi. Kafin mutum ya ƙara launi ko kalma, sai ya tambayi kansa ko tana da aikin yi.

Kasuwar da ake shirya su dominta kuwa a hannun baƙi take. Kamfanin talla na farko da ya yi ƙarfi a ƙasar nan shi ne West African Publicity, wanda aka kafa a 1928, ya riƙa tallata kayan kamfanin UAC, daga baya ya zama Lintas. Tallan sabulu da man shafawa da sauran kayan kanti, tunanin Bature ne game da abin da zai ja hankalin baƙar fata.

A 1958 wasu ɗaliban Samaru suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Oseloka Osadebe. Tawayen nasu bai kai ga fasa taga ko ƙaurace wa aji ba. Suna yin aikin da malamai suka ba su, su ci jarrabawa, sannan su taru su tattauna a kan tatsuniyoyi da zane-zanen garuruwansu. Matsayar da suka cimma ita ce a karɓi dabarar Bature ta aiki da kayan aikinsa, amma abin da za a faɗa da yadda zai fito su kasance na gida. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo.

Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu. Amma tun suna ɗalibai, a 1960, an ba Okeke da Nwoko da Onobrakpeya aikin zanen bango a baje kolin bikin 'yancin kai a Legas. Bayan haka aikinsu ya shiga ɗab'i. Uche Okeke ne ya zana hotunan cikin littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, a wani bugu nasa. Onobrakpeya kuma ya zana na littafin Cyprian Ekwensi, An African Night's Entertainment, labarin da duk wanda ya karanta Jiki Magayi zai gane danginsa. A Oktoban 1962 kwalejin ta Samaru ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A ƙarshen shekarun 1970 aka ware Sashen Zayyanar Masana'antu, inda ake koyar da zanen talla da na yadi da aikin tangaran da na gilashi.

A nan ne tarihin ya shafe mu. Tafiya kaɗan daga Samaru, a Tukur-Tukur, akwai Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Ita kanta harkar littafin hira na boko da gasa ta fara. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya, da Zaruma ta lardin Sakkwato, wanda Yauri ke cikinsa a lokacin. Waɗanda ake bugawa dominsu manya ne da suka fara koyon baƙi da wasali, saboda haka dole harafi ya yi girma, jimla ta gajarta, hoto ya ɗauki rabin magana.

Ke nan gari ɗaya ya haɗa makarantar zane mafi tasiri a ƙasar da babbar maɗaba'ar Hausa. Sai dai fitattun 'yan ƙungiyar 'yan kudu ne, kuma da suka gama can suka koma. Grillo ya tafi Kwalejin Fasaha ta Yaba, Onobrakpeya ya zauna Legas, Nwoko ya kafa wurinsa a Ibadan, Okeke ya jagoranci sashen zane a Jami'ar Nsukka daga 1970, inda uli ya zama makaranta guda mai almajirai. Ba su yi laifi ba, abin da suka yi wa'azinsa suka aikata. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tambayar tana kanmu ne: mu me muka yi da namu?

Ba kayan gado muka rasa ba. Ga zanen da magina ke yi a fuskar soro a cikin birnin Zazzau da Kano. Ga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19. Ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga dagi, ga zayyanar allon sauka, ga ƙirar ƙwarya da aikin dukawa. Ga kuma rubutun hannu na mahaddata, irin na marigayi Sharif Bala Gabari na Kano, wanda aka riƙa ɗaukar hoton rubutunsa ana buga Alƙur'ani da shi ana sayarwa a kasuwanni. Duk waɗannan ilimi ne na tsara fili da layi da launi. Mai rubuta Alƙur'ani ya san inda zai sa jan wasali da inda zai bar sarari tun kafin a buɗe ajin zane a Samaru.

Wani abin lura kuma, talla mafi kusa da Bahaushe sau da yawa ba daga jami'a ta fito ba. Masu rubutun allon shago da na jikin manyan motoci, da masu zana bangon littattafan soyayya na Kano a shekarun 1980 da 1990, da masu fastar finafinan Hausa, yawancinsu a wurin ubangida suka koyi sana'a. Sun san abin da ke tsayar da mai wucewa. Da manhajar CorelDRAW ta cika shagunan buga takardu, sannan wayar hannu ta zo da irin su Canva, sai aikin ya koma hannun kowa. Tsadar da ta koyar da tsimi ta kau. Yanzu katin biki ɗaya sai ka ga launi bakwai da salon harafi biyar, ka rasa inda aka rubuta ranar ɗaurin auren.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma na ga wani ɓangare na matsalar da idona. Na taɓa kai sanarwar wani taro a buga mini a wani shago. Da ta fito, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ga ɗan akwati babu komai a ciki, domin salon harafin da aka zaɓa bai san da su ba. Mai shagon ya ce a cire lanƙwasar kawai, ai za a gane. To, kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Alhali an daɗe da yin maganin wannan. Haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin tsarin Unicode, har ma akwai salon harafin ajami na kwamfuta mai suna Alkalami, da aka ƙera a kan irin rubutun Kano. Muhawarar da aka yi a 2007, da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, ta isa ta nuna cewa zaɓin harafi magana ce ta wanda ake so ya karanta da wanda aka manta da shi.

Ga mu mutanen bakin ruwa, abin ya wuce kwalliya. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tayar da dubban mutane aka sake musu matsuguni, jirgin ruwa ya ci gaba da zama motar kasuwa ga ƙauyuka masu yawa. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko 'yan kasuwa ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, rahotanni suka ce sama da mutum ɗari ne suka ɓace. Fasta ba ta gyara tsohon jirgi, ba ta kuma hana lodin da ya wuce kima ita kaɗai. Amma duk lokacin da aka tashi wayar da kai kan rigar kariya daga nutsewa, takarda ake bugawa a liƙa a mashiga. Na tsaya gaban irin wannan takarda. Dogon Turanci ne da ƙananan haruffa, tambarin masu ɗaukar nauyi ya cinye kusan rabinta, hoton kuma na wani mutum ne a jirgin da ba irin namu ba. Matar da ta ɗauko buhun albasa da goyo a bayanta ba ta ko ɗaga kai ba. An biya mai zane, an biya maɗaba'a, saƙon bai isa ba.

Gasannin zane ba su ƙare ba. Akwai bikin Life In My City da ake yi a Inugu tun 2007, inda matasa da ɗalibai daga sassan ƙasar ke fafatawa. A sassan zane na jami'o'i da kwalejoji kuma, ɗaliban shekarar ƙarshe na baje aikinsu, galibi har da tallan wani kaya na gaske ko na ƙirƙira. Abin da nake fata shi ne malamai da masu shirya gasa a Arewa su sauya tambayar da suke ba ɗalibi. Maimakon tallan lemon kwalba da ba wanda zai sha, a ce ya zana fastar rigar ruwa don mashigar Yelwa, da launi biyu kacal, da boko da ajami, da kalmomin da ba su wuce biyar ba. Alƙalan kuma kada su tsaya ga malaman jami'a. A sa direban jirgi, da mai sayar da kifi, da tsohon da allo kaɗai ya yi. A liƙa aikin a bango, a ja da baya taku ashirin, a tambaye su me suka gani. Gani ya kori ji.

Akinkunmi ya rasu a watan Agustan 2023. Bruce Onobrakpeya ya haura shekara casa'in yana aiki. Abin da suka bari ga ɗalibin da ke riƙe da waya yau a Birnin Yauri ko Samaru bai da wuyar faɗi: ka san wanda kake yi wa zane, ka ɗebo daga gidanku, sannan ka yarda a cire jar ranarka idan ita ke hana a gane tutar.