Mutum-mutumin Tunawa a Garin Cobh na Ƙasar Ailan

A wannan takarda za mu dubi yadda wani ƙaramin gari na bakin teku a kudancin Ailan ya zaɓi abin da zai tuna. Garin shi ne Cobh, a lardin Cork. A shekarar 1849 aka sauya masa suna zuwa Queenstown don girmama ziyarar Sarauniya Biktoriya, sai a 1920, ana tsakiyar gwagwarmayar neman 'yanci, mutanensa suka mayar da tsohon sunan.

Abin tunawa mafi girma a garin shi ne na jirgin ruwan nan Lusitania, wanda jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya nutsar ran 7 ga Mayu, 1915. Mutane kusan 1,200 suka halaka, kuma Cobh aka kawo gawarwaki da yawa, aka binne su a manyan kaburbura uku. A 1925 aka bai wa Jerome Connor aikin ƙera abin tunawar, amma har ya rasu a 1943 cikin talauci bai gama ba. Sai a 1968 aka ƙarasa shi. Abin lura shi ne, siffofin da ke ƙasa na masunta biyu ne a gajiye, watau irin talakawan da suka yi aikin ceto, ba na attajiran da ke cikin jirgin ba. A ganinmu nan ne darajar aikin take.

Sai dai wurin da aka kafa shi yana da nasa zancen. Dandalin yana ɗauke da sunan Roger Casement, wanda ya taɓa yi wa gwamnatin Ingila aiki a Kalaba. Shi kuwa jirgin Jamus irin wancan ne ya sauke shi a gaɓar Ailan a 1916, bayan ya je neman makaman tawaye, Ingila ta rataye shi a wannan shekara. Ke nan fili ɗaya yana makokin waɗanda Jamus ta kashe, yana kuma girmama wanda ya nemi taimakonta.

A bakin tashar jiragen ruwa kuma akwai mutum-mutumin Annie Moore da ƙannenta biyu, aikin Jeanne Rynhart, wanda aka buɗe a 1993. Ita ce baƙuwa ta farko da aka rubuta sunanta a tsibirin Ellis na Amurka ran 1 ga Janairu, 1892. An daɗe ana cewa Texas ta tafi ta zauna. Binciken 2006 ya nuna wata mai irin sunanta ce waccan. Ita Annie ta Cobh a unguwar talakawa ta New York ta ƙare rayuwarta a 1924, kabarinta kuwa bai sami dutsen shaida ba sai a 2008, shekara 15 bayan an zuba siffarta da tagulla.