Digiri na Biyu a Fannin Lafiyar Al'umma ga Mai Ƙaramin Sakamako

Muna sanar da ma'aikatan lafiya na Babban Duhu da sauran sassan Safana da Batsari cewa ƙaramin sakamako a digirin farko ba ya hana ƙarin karatu. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano galibi suna neman daraja ta biyu. Mai daraja ta uku ko babbar difloma zai fara yin diflomar gaba da digiri, wato PGD, ya ci da kyakkyawan sakamako. Ana kuma buƙatar kiredit 5, har da Turanci da Lissafi, da takardar hidimar ƙasa. Muna shawartar ma'aikaci ya samu izinin karatu a rubuce kafin ya biya kuɗin makaranta.