Akim da Zembla: littattafan zanen da muka tashi da su a Adar

 Duk wanda ya zauna bencin lakwal a shekarun 1970 zuwa 1980 zai tuna da wasu ƴan littattafan zane masu girman tafin hannu, baƙi da fari a ciki, bango mai launi. Ƴan lakwal na ce musu BD. Mu dai a hannun yayyenmu muka gan su, masu dawowa daga makaranta a Tawa ko daga bida a Abijan. Littafi guda sai ya zagaye aji kaf har bango ya fita. In mushe ya kama ka da shi a ƙarƙashin tebur, ka shiga uku.

Gwarzon da ya fi suna shi ne Akim. A Italiya aka ƙirƙire shi a 1950, Roberto Renzi na rubutu, Augusto Pedrazza na zane, ya shiga Faransanci a 1958. Ɗan Bature ne da ya tashi a daji hannun goggon biri, yana jin maganar dabbobi, yana gwabzawa da mugayen masana kimiyya masu ƙera injinan halaka duniya. A 1963 kamfanin Lug na birnin Lyon ya fito da kishiyarsa, Zembla, wanda zakuna suka rena. Cikin abokan tafiyarsa har da dabbar kangaru, wadda ba ta ma zama a Afirka! Shi kuwa yaron baƙar fata da ke biye da shi, Yéyé, an rataya masa agogon tebur a wuya don a yi dariya. Su biyun duk jikokin Tarzan ne, wanda Edgar Rice Burroughs ya rubuta a Amurka a 1912. Daga 1970 kuma Lug ya fara buga mujallar Strange, mai ɗauke da jaruman Marvel irin su Iron Man da X-Men.

Gaskiya littattafan nan sun yi mana rana. Da yawanmu a bakin Akim muka koyi Faransancin da bulala ta kasa koya mana. Amma a lura da darasin da ke ƙunshe ciki: dajin Afirka ne, sarkinsa Bature, mu kuwa ƴan ɗaukar kaya ko abin dariya. Mujallar Kouakou, wadda aka fara bugawa a Paris a 1966 don yaran ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta ɗan gyara, domin jaruminta yaro ne baƙar fata. Sai dai ita ma a Faransa aka riƙa zana ta.

Ba kuwa rashin labari ya sa haka ba. Tun 1934 aka buga Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, jarumin da ya yaƙi Turawa sannan ya faɗa ƙasar aljannu. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya zagaya da shi sararin samaniya. Ke nan labarin kimiyya da Hausa ya haura shekara 50. Masu zana shi su ne muka yi ƙaranci.

Wanda ya gane wannan da wuri, a nan Tawa ya yi zamansa: marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, fim na zane a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa. A shekarar kuma ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Wallahi kamar da mu yake, mu da muka riƙa dirowa daga bishiya muna ihun Zembla. A 1977 ya ɗauko tatsuniya ya yi Samba le Grand da ƴan tsana.

Yau BD ta ɓace, waya ta maye gurbinta, kuma jaruman da yaranmu ke kallo har yanzu na aro ne. Tsofaffin da suka san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da labarun dodannin duwatsun Adar suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka roƙonmu biyu ne. Wanda ke da tsohon Akim, Zembla ko Kouakou a ƙasan akwati, ya ɗauki hotonsa ya turo mana kafin gara ta gama da shi. Wanda kuma ke da yaro mai zane a bayan littafin makaranta, a daina kwaɗe masa hannu. A saya masa fensir da takarda, a zaunar da shi gaban kakarsa da dare. Allah ya sa mu dace.