Matar Soja a Gaban Alƙali

Don auduga da gyaɗa aka shimfiɗa layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai jirgin ya koma kwasar samari. Daga ƙasar Maska da ƙasar Galadima ta Malumfashi aka tara majiya ƙarfi, wasu da son ransu, wasu don dagaci ya nuna su da yatsa. A Zariya suka koyi fareti. Waɗansu aka kai su Habasha, mafi yawa kuma ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, inda Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan da Arakan har zuwa 1945.

Da yawansu sun bar mata a gida, wata da goyo, wata ko lallen aure bai gama fita ba. Damina ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, hatsin rumbu ya ƙare, ba wasiƙa ba saƙo. Daga nan sai uban yarinya ko waliyyinta ya sa ta gaba zuwa wurin alƙali.

Alƙalin ba da ka yake hukunci ba. Littattafan Malikiyya ne a gabansa, Risala da Mukhtasar na Halil da Tuhfa, kuma sun daɗe da warware zancen mijin da ya ɓata. In ya ɓata a ƙasar Musulmi, matar za ta jira shekara 4 bayan ta kai ƙara an bincika an rasa shi, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. In a fagen yaƙi da waɗanda ba Musulmi ba ne ya ɓace, shekara 1 ce bayan bincike. Wanda aka kama fursuna kuwa, matarsa na nan a ɗakinsa har sai an ƙiyasta ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba, wato 70 a zance mafi shahara. Hukunci ne mai nauyi ƙwarai a kan yarinya 'yar shekara goma sha bakwai.

Sai dai duk wannan jira yana da sharaɗi: ya zama akwai abin ciyar da ita. In babu ci da sha da sutura, alƙali zai rantsar da ita cewa mijin bai bar mata komai ba, bai aiko ba, ya ɗiba masa wa'adi, in ya cika ya raba auren. Ko da akwai abinci, dogon rashin miji shi kansa cuta ce a wurin Malikiyya. Ana rubuta masa cewa ya zo, ko ya ɗauke ta, ko ya sake ta. Mutane da yawa har yau suna zaton shari'a ta ɗaure matar matafiyi har abada. Ba haka ba ne, kuma abin takaici ne yadda rashin sanin wannan ya tsufar da mata a ɗaki.

A nan kuɗin soja suka shigo. Soja na iya yanke wani abu daga albashinsa a riƙa biyan iyalinsa a gida. Amma sunan wa ya rubuta? In na uba ne ko na wa, kuɗin na iya isowa ƙauye su tsaya a zaure, ba su shiga ɗakin matar ba. A takarda an ciyar da ita, a tukunya ba komai.

Da sojojin suka dawo a 1946, wasu sun tarar da matansu a gidan wani. Ƙa'idar Malikiyya a kan wanda ya ɓata ita ce: in miji na biyu ya riga ya tare da ita bayan hukuncin alƙali, ta kuɓuce wa na farko.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sake tayar da maganar, don sojojin Najeriya sun tashi daga wajen 10,000 zuwa kusan 250,000. A tsakiyar yaƙin ne, a 1968, kotunan yanki suka maye gurbin kotunan En'e. A 1970 kuma aka yi dokar rabuwar auren rajista, wadda Babbar Kotu kaɗai ke saurara. Ta shafi sojojin da suka yi irin wannan aure, ciki har da Kiristoci daga Maguzawan Malumfashi da Kafur. A ƙarƙashinta, ƙaurace wa aure na shekara 1 hujja ce ta neman rabuwa, amma sai an shekara 7 ba labari kafin a ɗauka mutum ya rasu. Mata biyu, ƙauye ɗaya, mazansu a bataliya ɗaya, kowacce da nata lissafin jira.

Yau sojan da ke dajin Sambisa yana iya kiran matarsa ta waya, yana kuma iya sakinta ta waya. Rigimar ta koma kan fom ɗin magaji da ya cike ranar da ya shiga aiki. Saki na faruwa da kalma, fom kuwa ba ya canzawa sai mai shi ya je ya canza. Sai ka ga soja ya rasu, sunan ƙanensa ko na matar da ya saka tun tuni ne a fayil, wadda ke takaba da 'ya'yanta kuma suna bin ofisoshin fansho a Abuja da takardar gado daga kotun shari'ar Funtuwa ko ta Malumfashi.