Hausar Kakuri da Kunnen Marubuci

Wanda ya haye gadar Kogin Kaduna ya yi kudu, ya bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa zuwa Makera da Kakuri, abin da zai fara cin karo da shi dogayen katangu ne, da rufin kwano mai tsatsa, da ciyawa da ta cinye farfajiya. Nan ne masaƙun da suka ciyar da garin kusan shekara hamsin. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, da hannun gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Kafin tsakiyar shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles sun biyo sahu, aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975. Dubban mutane suka kwararo: Gwari masu ƙasa, da Bajju da Atyap da Jaba, da Tibi da Idoma da Igala, da Kanawa da Zagezagi. In jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, masu fitowa da auduga a gashin kai sukan haɗu da masu shiga a teburin mai shayi, kuma da Hausa ake tambayar canji, da ita ake ƙorafin albashi, da ita ake zagin foman a bayan idonsa. Amma ka duba littattafan ƙagaggun labarai na Hausa da suka yi suna, da wuya ka ga masaƙin kamfani a matsayin tauraro, da wuya kuma ka ji wannan Hausar.

Marubuta sukan ce labari daga zuci yake fitowa. Tarihin Kakuri yana nuna cewa kafin zuciya akwai kunne, kuma mai buga littafi shi ke koya wa kunnen abin da ya cancanci a saurara. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a Zariya aka yanke masa cibiya, da gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malaman makaranta ne suka rubuta, don 'yan makaranta. Daga nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sai hukumar adabi ta NORLA, sai kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966, duk a Zariya, kowanne da edita mai jan biro da ke tace Hausa daidai da ma'aunin Kano. Da harkar ta koma hannun matasa a shekarun 1980, Kano ta karɓa, 'yan kasuwarta kuma sun san abin da masu sayensu ke so: soyayya, kishiya, auren dole, gidan Alhaji. Yaron da ya tashi a unguwar Nasarawa ko Barnawa yana son rubutu, tun daga littafin farko da ya karanta ya fahimci cewa maganar ƙofar gidansu ba ta shiga takarda. Sai ya toshe kunne da ita, ya ari bakin Kano ya ci albasa.

Za a ce ai maganar Kakuri ba Hausa ba ce, gwaranci ne: a kira mace da "ya", a mayar da ƙ ta zama k, a cusa Turanci a tsakiyar jimla. Amsar tana tsallaken kogin, a gidan rediyo da talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962. Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, da Hausar bariki ya gina wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama, Hausar da ita da ta masaƙa ɗanjuma ne da ɗanjummai, kuma Arewa kaf ta zauna tana kallo shekara da shekaru. Ba kuskuren nahawu kawai ake yi wa dariya ba. Ta yadda Samanja ke sauya harshe tsakanin gaban ofisa da gaban kurtu ake gane wa ke sama, wa ke ƙasa, wa ke jin tsoron wa. Wannan shi ne ainihin aikin mai ƙaga labari, a bar maganar mutum ta tona asalinsa da matsayinsa ba tare da marubuci ya tsoma baki ba. Makirufo ya karɓi abin da injin ɗab'i ya ƙi, domin a rediyo babu mai jan biro tsakanin baki da kunne.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: wai mutanen kudancin kogin ba masu karatun Hausa ba ne, Turanci suke karantawa, marubutan da suka fito daga cikinsu ma da Turanci suke rubutu, kamar Elnathan John, haifaffen Kaduna, da ya fitar da Born on a Tuesday a 2015. Akwai gaskiya a nan, amma rabi ce. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko, kuma har gobe a coci-coci da yawa na unguwannin Sabon Tasha da Narayi da Television da Hausa ake karatu, da ita ake wa'azi, zumuntar mata da ita suke rera waƙa. Masu karatu suna nan, an dai rasa wanda zai rubuta musu labarin da za su ga kansu a ciki. Abin takaici ma, bayani mafi zurfi game da ma'aikatan masaƙun nan da ƙungiyarsu, wadda Adams Oshiomhole ya taso a cikinta daga Arewa Textiles, wasu masana biyu 'yan Suwidin ne suka rubuta shi, Gunilla Andrae da Björn Beckman, da Turanci, don jami'o'i.

Sannan abubuwa biyu suka faɗo kusan a tare. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka raba garin, Musulmi da yawa suka kwashe kaya suka koma arewacin kogi, Kiristoci suka gangaro kudu. A daidai wannan tsakanin masaƙun suka riƙa rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007, bayan atamfar waje ta cika kasuwa, wutar lantarki da baƙin mai kuma suka gagara. Teburin mai shayin da ke haɗa Bakano da Bajju a benci ɗaya ya watse. Marubucin da yake son wannan Hausar yanzu sai ya bi ta gida-gida, wurin tsofaffin ma'aikatan KTL da suka shafe shekaru suna zaryar neman haƙƙinsu na sallama, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba.