Karatu da Neman Na Kai a Baƙuwar Ƙasa: Ɗaliban Damagaram daga Tsangaya zuwa Jami'a

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi aikin da ɗalibi ɗan Damagaram yake yi don riƙe kansa yayin da yake karatu a wata ƙasa. Ta kwatanta tsarin tsangaya, wanda ya daɗe yana kai matasa Kano da Zariya da Barno, da dokokin da ɗaliban jami'a suke tararwa a yau. An dogara da rubuce-rubucen masana tarihi da zamantakewa da kuma dokokin shige da fice. Nazarin ya nuna cewa makomar karatun tana rataye ne ga samuwar mai sa wa aikin iyaka.

Gabatarwa

A zamanin Sarki Tanimun (1851–1884) Zinder, babban birnin Damagaram, ta zama babban zangon ayari tsakanin Kano da Tarabulus, kamar yadda André Salifou (1971) da Stephen Baier (1980) suka bayyana. Hanyar da fatake suka bi ita almajirai suka bi. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata iyaka tsakanin Zinder da Kano, sai tafiyar kilomita kusan 240 zuwa Kano ta koma fita ƙasar waje a idon hukuma. Saboda haka ɗalibin farko da Damagaram ta tura waje, wanda ya haɗa karatu da aiki, almajiri ne, tun kafin a fara kai ƴan lakwal makarantar William Ponty a Sanagal.

Tsarin aiki a tsangaya

Almajiri ba ya tafiya da guzurin shekara. Tsarin kansa ya ɗauka cewa zai nema, kuma ya raba neman bisa matsayi. Ƙolo yana bara. Titibiri yana shiga gidaje ya yi shara da ɗiban ruwa da aike. Gardi kuwa, wanda ya yi nisa a hadda, abin kunya ne a gan shi da ƙoƙo. Shi ke ɗinkin hula, da aikin wuyan riga, da yankan farce, da wanki da guga, da dako a kasuwa. Wanda hannunsa ya faɗa yakan rubuta Alƙur'ani ya sayar.

Abin lura shi ne yadda aka tsara lokaci. Karatu yana da asuba, da bayan azahar, da dare. Hantsi na nema ne, haka Alhamis da Juma'a. Damina ta gona ce, rani na tafiya. Daga abin da ya samu almajiri ke fitar da kuɗin Laraba ya ba malaminsa, kuma malam ya san gidan da yake aiki da irin sana'ar da yake yi. Idan allo ya kwana biyu ba a wanke ba, akwai mai tambaya. Ɗinkin hula ma ya dace da karatun, domin hannu yana allura baki yana tilawa.

Wannan ba ya nufin tsarin ba shi da cuta. Paul Lubeck (1986) ya nuna yadda gardawa suka zama ma'aikata masu araha a Kano, har wasu suka zarce masana'antu. Hannah Hoechner (2018) ta bayyana yadda almajirai masu aikin gida suke samun lada kaɗan da raini mai yawa. Kuma inda malam ya daina sa ido, ko ya mai da yara hanyar samunsa, iyakar takan rushe, a wayi gari nema ya cinye karatu. A ganin mai wannan nazari, wannan ne babban laifin da ake yi wa yaran karkarar Magarya da Matamaye, kuma laifin na manya ne.

Ɗalibin jami'a da ƙidayar sa'o'i

A Turai da Amurka doka ce ta maye gurbin malam. Faransa, inda ɗaliban Nijar suka saba zuwa, tana ba ɗalibi baƙo damar aikin sa'o'i 964 a shekara, wato kashi 60 cikin 100 na lokacin cikakken ma'aikaci, kimanin sa'o'i 18 da rabi a mako. Ingila ta tsayar da sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu. Amurka ma 20 ne, kuma a cikin harabar jami'a. Kanada ta kai nata 24 a Nuwamba 2024, Jamus kuwa kwana 140 a shekara tun Maris 2024.

Sai dai dokar tana ƙidaya sa'a ne kawai. Ba ruwanta da ko aikin wanke-wanke ne har ƙarfe biyun dare, ko tsaron kanti a tsaye yini guda, ko ɗalibin yana da jarrabawa da safe. Ga kuma sharaɗin shiga: Faransa ta daɗe tana neman shaidar yuro 615 a wata, kusan jika 403 na sefa, sannan a 2019 ta sa wa waɗanda ba ƴan Tarayyar Turai ba kuɗin rajista na yuro 2,770 a digirin farko da 3,770 a na biyu, ko da yake jami'o'i da dama sun yafe. Ɗan manomin gero ba ya kai wa ga ƙofar, balle ya ci moriyar sa'o'in. Wanda ya samu ya shiga kuma, gida ana ganin ya isa Turai, buƙatun Sallah da na asibiti suna biyo shi ta waya. Nauyin da ke tura shi ƙetare iyakar doka sau da yawa daga unguwar Birni ko Zango a Zinder yake fitowa.

Ƙofar ta ƙara tsukewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023: Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ta kuma rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024.

Inda doka ta yi shiru

Ɗaliban da ke tafiya Aljeriya da Maroko bisa tallafin gwamnatoci suna cikin wani hali dabam. Takardar zaman ɗalibi ba izinin aiki ba ce, shi yana da nasa nema. Jinkirin biyan kuɗin tallafi kuma tsohon kuka ne na ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN. Idan kuɗin ya makara, ɗalibi yakan yi aiki a ɓoye, ba kwangila, ba wanda zai kai wa ƙara in an hana shi haƙƙinsa. Ya rasa idon malam, ya rasa kariyar doka.

Buɗe jami'ar Zinder, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, ya rage tilascin fita don digirin farko. Amma masu neman zurfafa karatu suna ci gaba da bin tsohuwar hanya zuwa Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, inda harshe da dangi suke sauƙaƙa koyar da Faransanci ko ɗan kasuwanci. Tun 1979 yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ce ginshiƙin wannan sauƙi. Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, kuma abin da ya rage wa ɗalibi da gardi a Kano shi ne sanarwar ƙungiyar cewa za a ci gaba da mutunta ƴancin shiga da zama har sai an ba da wani umarni.