Daga Paris da Lyon zuwa Ƙasar Hausa: Tarihin Ɗaliban da Suka Zama 'Yan Mishan

Aikin mishan da ya fito daga Faransa, tun daga tushensa, aikin ɗalibai ne. Galibin waɗanda suka ɗauki bishara daga ƙasar zuwa Asiya da Afirka matasa ne da ba su daɗe da barin aji ba. Birane biyu ne suka ɗauki nauyin wannan tarihi. Paris ta fi shahara da makarantun horarwa, Lyon kuma ta yi fice wajen tara kuɗi da fuskantar Afirka ta Yamma.

A ƙarni na 16 Jami'ar Paris na cikin manyan cibiyoyin ilimin addini na Turai, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashe daban-daban. A ranar 15 ga Agusta, 1534, ɗalibanta bakwai suka taru a wata ƙaramar majami'a da ke tudun Montmartre, suka yi alkawarin zaman talauci da tsarkin kai da miƙa rayuwarsu ga hidimar Allah. Jagoransu Ignatius na Loyola ne, tsohon soja ɗan Sifaniya. Daga wannan alkawari aka sami ƙungiyar Jesuit, wadda Fafaroma ya amince da ita a 1540. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin, Francis Xavier, ya isa Goa ta ƙasar Indiya a 1542, ya shiga Japan a 1549, ya rasu a 1552 a wani tsibiri da ke gaɓar ƙasar Sin. Labarinsa ya zama abin koyi ga ɗaliban da suka biyo baya shekaru aru-aru.

Bayan fiye da ƙarni guda aka kafa makarantar da ba ta da wani aiki sai horar da masu fita waje. Wani Fada mai suna Alexandre de Rhodes, wanda ya daɗe yana wa'azi a Vietnam, ya zo Paris a 1653 da ƙorafi guda: ikilisiyar da ta dogara ga baƙi kaɗai za ta watse ranar da sarki ya kore su, don haka dole a naɗa 'yan ƙasa su zama Fada. Matasan malaman addini irin su François Pallu da Pierre Lambert de la Motte suka amsa kiran, aka naɗa su bishop, suka nufi Asiya. A 1663 aka buɗe makarantar Missions Étrangères de Paris a titin Bac, inda take har yau. Umarnin da Rum ta ba su a 1659 ya gargaɗe su da kada su tilasta wa mutane barin al'adunsu matuƙar ba su saɓa wa addini ba, kuma su nisanci siyasar ƙasashen da za su sauka. Daga wannan gida an tura Fada fiye da 4,000.

Makaranta ta biyu ɗalibi ne ya kafa ta da kansa. Claude Poullart des Places, ɗan masu hali daga garin Rennes, ya karanta shari'a kafin ya juya ga karatun addini a Paris. Ya lura da 'yan ajinsu da ke son hidimar ikilisiya amma ba su da abin biyan ɗaki da abinci, sai ya kama musu gida da kuɗin aljihunsa. A 1703, yana da shekara 24, ya kafa makarantar Ruhu Mai Tsarki da ɗalibai 12, bisa sharaɗin cewa in sun gama za su karɓi aikin da kowa ke gudu. Ya rasu a 1709, amma makarantar ta ɗore. A 1848 ta haɗe da ƙungiyar 'yan mishan ta Fada François Libermann, kuma 'yan wannan ƙungiya ne suka sauka Anaca ta Najeriya a 1885.

Juyin juya halin Faransa da ya fara a 1789 ya rufe waɗannan makarantu, ya ƙwace dukiyar ikilisiya. Da ƙura ta lafa, an sami matasa masu niyyar tafiya, amma babu guzuri. A nan Lyon ta shigo. Pauline Jaricot, 'yar wani attajirin siliki, ta fito da tsari mai sauƙi tana 'yar shekara ashirin: mutum goma su haɗu, kowa ya ba da sulai ɗaya na ƙaramin kuɗin Faransa a mako, shugaban goma ya miƙa wa shugaban ɗari, shi kuma ya miƙa wa na dubu. Mata masu aiki a masaƙun siliki ne suka fara bayarwa. A ranar 3 ga Mayu, 1822, aka kafa ƙungiyar Yaɗa Bangaskiya a Lyon bisa wannan tsari. Ƙungiyar ta riƙa buga wasiƙun 'yan mishan a mujalla ana karantawa a ƙauyuka da makarantu. Mujallar ta jawo gudummawa, ta kuma jawo yara, domin da yawa daga cikin waɗanda suka shiga makarantun mishan a cikinta suka fara jin sunayen ƙasashen da daga baya aka binne su. A 1922 aka mayar da hedkwatar ƙungiyar Rum.

A shekarar 1822 ɗin dai, Kiristocin Furotesta suka kafa tasu ƙungiyar a Paris, tare da gidan horar da ɗalibai. A 1833 matasanta uku, Eugène Casalis da Thomas Arbousset da Constant Gosselin, suka isa ƙasar Sarki Moshoeshoe, wato Lesotho ta yau, suka yi aikin rubuta harshen Sesotho da fassara Littafi Mai Tsarki. Ƙungiyar ta kai Zambezi da Gabon da Madagaska da Kamaru, kuma a tasharta ta Lambaréné da ke Gabon ne likita Albert Schweitzer ya buɗe asibitinsa a 1913.

Horon da ake yi a makarantun Katolika a wancan zamani kusan iri ɗaya ne. Yaro yakan fito daga ƙauye, sau da yawa daga gidan manoma, ya yi falsafa da tauhidi da Latin na wasu shekaru cikin tsarin tashi da asuba, addu'a, karatu da shiru. Ba shi yake zaɓar inda zai je ba; shugabanni ne ke sanar da shi bayan an naɗa shi. Harshen mutanen da zai zauna da su kuwa sai ya isa yake koya. A titin Bac a da akan yi bikin sallama, inda masu tafiya ke tsayawa gaban bagadi, iyaye da abokai su zo su sumbaci ƙafafunsu, domin an ɗauka ba za a sake haɗuwa ba. A gidan akwai ɗakin da aka adana sarƙoƙi da tufafin tsofaffin ɗaliban da aka kashe, irin su Théophane Vénard, wanda aka fille wa kai a Hanoi a 1861 yana da shekara 31. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, kusan kashi biyu cikin uku na Fada 'yan mishan na Katolika a duniya Faransawa ne.

Reshen da ya fi shafar Najeriya da Nijar ya tsiro ne daga Melchior de Marion Brésillac. An haife shi a 1813, ya shiga makarantar titin Bac, ya yi shekara goma sha biyu a Indiya har ya zama bishop a Coimbatore. Ya yi saɓani da abokan aikinsa kan yadda za a bi da rabe-raben asali na mutanen Indiya da kuma jinkirin naɗa 'yan ƙasa, sai ya ajiye muƙaminsa. A ranar 8 ga Disamba, 1856, a majami'ar tudun Fourvière da ke kallon birnin Lyon, ya kafa Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka fi sani da SMA. Manufarsa ita ce zuwa wuraren da aka fi yi wa watsi da kafa ikilisiyar da 'ya'yanta za su riƙe. Ya sauka Freetown ta Saliyo a watan Mayun 1859, ya tarar da annobar shawara. Cikin 'yan makonni ta kashe abokansa huɗu, shi ma ya cika a ranar 25 ga Yuni.

Mataimakinsa da ya bari a Lyon, Augustin Planque, yana da shekara 33 da ɗalibai 'yan ƙalilan. Ya ƙi rufe makarantar, ya riƙe ƙungiyar har rasuwarsa a 1907. A 1861 Fada Francesco Borghero na SMA ya sauka Ouidah ta Dahomey, daga nan aikin ya kai Ikko. A 1876 Planque ya kafa ƙungiyar mata ta Our Lady of Apostles, domin ya gane cewa maza ba za su iya shiga cikin gida su karantar da mata da yara ba. Shekarun farko sun ci rayuka sosai. Fada da Sista da dama zazzaɓi ya kashe su kafin su cika shekara biyu da sauka, amma kowace shekara gidan ƙungiyar da ke titin Gambetta a Lyon na fitar da wasu.

SMA ta buɗe tasha a Lakwaja a 1884, daga baya ta mayar da cibiyarta Asaba ƙarƙashin Fada Carlo Zappa. A watan Fabrairun 1907 Fada uku, Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin, suka isa Shendam, wadda ta zama tashar Katolika ta farko mai ɗorewa a arewacin kogin Binuwai. Shiga ƙasar sarakuna bai zo da sauƙi ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, shugabansu Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba, saboda haka aka taƙaita aikin mishan a biranen Musulmi. Majami'un Katolika na farko a Kano da Zariya da Kaduna sun tsaya ne a Sabon Gari da unguwannin ma'aikatan jirgin ƙasa, suna hidima ga baƙin da suka zo daga kudu. Masu karɓar addinin sun fi yawa a Filato da kudancin ƙasar Zazzau, daga baya kuma cikin Maguzawa. Hausa ce ta zama harshen wa'azi da katikisim a yawancin wuraren nan.

Da yake Ingilishi ne harshen makaranta a Najeriya, aikin ya koma hannun reshen SMA na ƙasar Ailan da aka kafa a 1912. A 1934 aka raba yankin mishan na arewa gida biyu, Kaduna da Jos. Makarantun da suka biyo baya sanannu ne: Queen of Apostles a Kakuri, wadda ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, da St John's a Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Rimi bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970. A Nijar kuwa Faransawa ne suka ci gaba. Fada François Faroud na SMA ya kafa tashar Yamai a 1931, aikin ya kai Damagaram da Dogondutsi, a 2001 kuma Maraɗi ta sami bishop nata.

Ba a raba wannan tarihi da mulkin mallaka. Gwamnatin Faransa ta hana ƙungiyoyin addini koyarwa a gida a 1904, ta raba addini da hukuma a 1905, amma a ƙasashen da ta mallaka ta sha amfana da makarantun mishan wajen yaɗa Faransanci. 'Yan mishan da yawa sun raina al'adun da suka tarar, sun kuma yi jinkiri a kan manufar da aka kafa makarantunsu dominta, wato naɗa 'yan ƙasa su zama Fada. Sai a 1920 aka naɗa Paul Emecete a Asaba, Fada na farko ɗan Najeriya. Gabriel Ganaka ya zama bishop na Jos a 1974, Peter Jatau ya karɓi Kaduna a 1975. A 1956 wasu matasan Fada baƙar fata da ke karatu a Turai suka fitar da littafi a Paris mai suna Des prêtres noirs s'interrogent, inda suka nemi a bar ikilisiyar Afirka ta yi magana da bakinta. SMA kanta sai a 1983 ta yanke shawarar karɓar 'yan Afirka a matsayin cikakkun 'yan ƙungiya.

Daga shekarun 1960 masu shiga makarantun Fada a Faransa suka ragu ƙwarai, sai salon hidimar ya sauya. Maimakon tafiyar rai da rai, matasan da suka gama jami'a suna ba da shekara ɗaya ko biyu a matsayin malamai ko ma'aikatan jinya ko injiniyoyi, ta hannun hukumomi irin su DCC da bishop-bishop na Faransa suka kafa a 1967. A 1971 ƙungiyar Furotesta ta Paris ta rushe kanta, aka maye gurbinta da Défap da kuma Cevaa, inda ikilisiyoyin Afirka da na Turai ke zama da murya daidai. An rufe gidan kayan tarihin Afirka na SMA a Lyon a 2017. A yau mafi yawan ɗaliban SMA 'yan Afirka ne da Indiya, kuma Fada daga Benin da Togo da Kwango da Najeriya suna karatu a jami'o'in Katolika na Paris da Lyon, waɗanda aka kafa a 1875, suna kuma riƙe da majami'u a garuruwan Faransa da suka rasa masu yi musu hidima.